Malam Bawa ya tafi, Ishaya ne a gefensa

Da safen nan ina shan shayi waya ta yi ƙara. Malam Bawa ya rasu.

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Wanda ya kira ni kuma Ishaya ne. To wa zai kira in ba shi ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Bawa shi ya koyar da mu kimiyya a sakandare a Kontagora, tun ba a yi Jihar Neja ba, lokacin Sakkwato ce hedikwatarmu. Da zarar ruwan farko ya sauka, shamuwa ta dawo kan bishiyoyin gari, sai ya shigo aji ya ce, "Wa zai bi ni bakin rafi ran Asabar?" Babu maki, babu tilas. Mu je mu ga tsuntsaye, mu ƙirga abin da muka gani, shi kuma ya aika wa wata ƙungiya a kudu.

Ni da Ishaya ba mu taɓa fashi ba. Ni ɗan mai shago ne a kasuwa, shi ɗan manoma ne daga wajen Mashegu.

Madubin hangen nesa guda ɗaya Malam yake da shi. A wuyan Ishaya yake rataya shi.

Kowace Asabar.

Ba wai Malam bai kyautata min ba. Ranar da ƙaya ta shige min ƙafa, shi ya cire ta, ya ɗora ni kan kekensa ya turo har ƙofar gidanmu. Ƙosai yake sayo mana, in yaro ya ce ya ƙoshi sai ya ce, "Ƙarya kake, ci." Amma ni idona na kan wuyan Ishaya.

Akwai safiyar da na ji wani gurnani can cikin ciyawa, na ce, "Malam, burtu!" Gaskiya ne kuwa. Ishaya ya ɗaga madubi, ya gan su su biyu suna takawa, yana bayyana mana jan maƙogwaronsu. Kafin madubin ya iso hannuna sun shige. Malam ya dafa kafaɗar Ishaya ya ce, "Madalla."

Na gama makaranta, aiki ya kai ni Kaduna. Ishaya ya zauna a Kontagora yana koyarwa. Shi da Malam ba su daina fita ba. Daga baya har group suka buɗe a waya, duk farkon damina sai hotuna su yi ta shigowa: yara a layi, Malam da sandarsa, Ishaya a gefensa. Ina danna like, zuciyata kuwa ba haka take ba.

Bara na ce ni ma zan nuna kaina. Na sayi madubi mai kyau, sabo a kwali, na shiga mota. Ban san idon Malam ya tafi gaba ɗaya ba. Babu wanda ya gaya min, ni ma ban tambaya ba.

Na same shi a zaure kan tabarma. Da na yi sallama ya ce, "Sule ne? Muryarka ba ta tsufa ba."

Na sa masa madubin a hannu. Ya shafa shi, ya yi ta sa min albarka. Sai wani tsuntsu ya yi kuka a kan darbejiyar ƙofar gida. Malam ya miƙa hannu gefe ya ce, "Ishaya, karɓi ka duba min."

Madubina. Ko minti biyar bai yi a gidan ba.

Da Ishaya ya fita, na kasa daurewa. Da furfurata da jikokina na ce, "Malam, wai me ya sa kullum Ishaya?"

Na zaci zai ce duk ɗaya muke a wurinsa. Bai faɗa ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ina son sa mana. Kai ma ina son ka, Sule. Amma shi yana zuwa."

Na ce zan dawo da damina. Ga damina ta zo.

Ishaya ya ce hannun Malam na cikin nasa har ƙarshe. Yana kuka yana ba ni labari, ni kuma ina jin kishin kukan nasa ma. An riga an yi jana'iza tun kafin ya kira ni. Ishaya da yake Kirista ya raka shi har makabarta, ya tsaya gefe har aka rufe. Ni ina Kaduna.

Kafin ya kashe waya ya ce, "Yara sun ce za a fita ran Asabar. Ba zan iya ni kaɗai ba, Sule. Ka zo."

Ina tasha yanzu haka.

Allah Ya jiƙan Malam Bawa, Ya haskaka masa kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya ba Ishaya haƙuri. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa Malam a addu'a. In da saura, ya roƙa min sanyin zuciya.