Tanar Haladu da Wasiƙar Nguru

A Gagarawa in ka ce Haladu kawai, sai an tambaye ka wanne. In ka ce Haladu Mai Tana, za a nuna maka gidan da ke bayan tashar jirgin ƙasa, mai darbejiya biyu a ƙofa. Ni ma haka aka nuna mini shi da na je jin labarinsa.

Lebura ne a wurin renon itatuwa, shekara goma sha huɗu ke nan. Gajere ne, ya doshi hamsin, ba ya son doguwar magana. Gidan mutum uku ne: shi, da matarsa Kyauta, da tsohuwarsa da kowa ke kira Iya.

Ƙasar nan jigawa ce, rairayi har inda fartanya ta kai, ba a cika ganin tana ba. Tasa daga fadamar Haɗejiya ya kawo ta a ƙwarya. Ya haƙa rami zurfin ƙugu a bayan ɗakin Iya, ya zuba kashin awaki da ɓawon gyaɗa da busasshen ganye, ya saki tanar, ya rufe da tsohuwar tabarma. Bayan wata huɗu sai ga baƙar ƙasa mai laushi, ba wari. Da ita yake noma yakuwa da kuɓewa a wani ɗan fili cikin gida. Daminar 1973, da gero ya ƙone a tsaye, wannan baƙar ƙasa ta riƙe ɗan ruwan da aka samu, ganyenta ne ya riƙe tukunyar gidan.

Cikin bazarar da ta biyo baya aka ba shi hutun shekara, kwana talatin. Bai taɓa tafiya hutu ba, saboda ramin. Amma 'yarsa Azumi ta haihu a Nguru, ɗan fari, kuma jirgi yana tsayawa a ƙofar gidansa. Ranar tafiya ya kira Kyauta bakin rami.

"Rabin tulu duk kwana biyu," in ji shi. "Ban da toka, ban da ruwan sabulu. Kada kaza ta hau. Fadamar ma ta bushe, in wannan ta mutu ba inda zan samo wata."

"To, Malam. Jaririn ma ba a yi masa wannan jawabi ba."

Ya ce zai dawo bayan mako biyu ya duba.

Kwana goma na farko Kyauta ta cika alkawari. Rijiyar unguwar zurfinta gaba talatin ne da ɗori, mata sukan yi layi tun hantsi har azahar. Maƙwabciyarta Laure takan leƙo ta katanga ta ce, "Yau ma 'yan gata za su yi wanka? Mu da 'ya'yanmu sai taimama." Kyauta takan ce, "Ai kin ci miyar 'yan gatan bara, har kin nemi ƙari."

Rana ta goma sha ɗaya guga ya fito da laka. Mai unguwa ya yanke: kowane gida tulu ɗaya a yini. Cikin tulun nan za a sha, a yi tuwo, a ba akuya, a zuba wa Iya a buta. Kyauta ta ce mini ta tsaya bakin ramin da ƙwarya a hannu, ta ji Iya tana tari a ɗaki, sai ta juya. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga tabarmar ba.

Ana haka wasiƙa ta zo daga Nguru ta hannun wani fasinja. Haladu bai iya boko ba, wani mai rubuta wasiƙa a bakin kasuwa ne ya rubuta masa. Shi Haladu ya faɗa mini abin da ya ce: ya gai da Iya, sannan ya ce, "Tana, tana shan ruwa?" Marubucin ya ɗauka in-ina ce, ya rubuta kalmar sau ɗaya. A baki kowa ya san bambancin tanar ƙasa da tana ta mace. A takarda haruffan huɗu ne, iri ɗaya.

Malam Ilu, mai koyar da yaƙi da jahilci, shi ya karanta musu a zaure.

"Yana gai da Iya da kyau da kyau. Ya ce, tana shan ruwa? Allah sarki, ɗa na gari. Me za a ce masa?"

Iya tana gefe tana jan carbinta. Kyauta ta ce, "Rubuta ka ce tana sha. Ba ta rasa ba ko yini ɗaya."

Na tambayi Kyauta ko ita ma ta ɗauka Iya yake nufi. Ta daɗe tana gyara bakin zanenta. "Shekara ashirin da shida muna tare," ta ce. "Na san da wa yake. Amma abin da aka rubuta shi na amsa, kuma ban yi ƙarya ba. Da na faɗa masa, jirgin gobe zai hau, ya zo ya tsaya a kaina da tulu ɗaya. To wa zan hana?"

Da amsa ta kai Nguru aka karanta masa, hankalin Haladu ya kwanta. Ya fasa dawowar mako biyu, ya cinye hutunsa duka yana wasa da jikansa.

Ya sauka Gagarawa da la'asar. Ko buhunsa bai kwance ba ya wuce bayan ɗaki ya yaye tabarma. Saman ramin ya yi fari, ya tsattsage. Ya sa hannu, ƙasa ta zube kamar gari, ga tana a bushe kamar tsinken tsintsiya. Bai kira kowa ba. Ya yi ta tono da yatsu, Kyauta tana tsaye daga nesa.

A kusurwar da ke jikin bangon Iya, da hannunsa ya shige har gwiwar hannu, ya ji sanyi. Ya ciro wani dunƙule kamar curin zare, yana motsi. Ya warware shi a tafin hannu. Tana ce mai rai, guda goma sha tara, daga ramin da a da hannu ɗaya kan ɗebo fiye da haka.

Iya ta fito da butarta, ta zauna a kan wani dutse da a da ba ya wurin, daidai kusurwar.

"Matsa, zan yi alwala," ta ce. "Wata guda a nan nake yi. Ruwan da ya sauka daga hannuna ai bai da wani aiki. Kuma ka ji, ni ma na san da wa kake a takardar nan. Uwarka ka gaisar a layi ɗaya."

Haladu ya matsa.

Daminar nan ba a yi yakuwa a gidan ba, baƙar ƙasa ba ta isa ba, sai tafasa da Kyauta ta riƙa tsinkowa a bakin hanyar jirgi. Shekara biyu ke nan, ramin bai koma rabin yadda yake ba. An sake ba Haladu hutu bara, ya yi shi a gida. Maganar wasiƙar kuwa, shi da Kyauta kowa ya ba ni nasa labarin daban, kuma kowa ya ce ba su taɓa tayar da ita a tsakaninsu ba.

Ranar da na bar gidan, dutsen yana nan a kusurwa. Haladu ya sa masa zana don rana.