Ban Haƙuri a Gwandu da Kalgo

Ana idar da sallar asuba ranar Asabar muka bar gida, ni da ƙanwata, muka nufi tashar motocin Gwandu a nan Birnin Kebbi. An kwana ana yayyafi, gari ya yi sanyi. A jakata akwai goro da sabulu na tsaraba, a aljihuna kuma 'yar wayar nan mai madannai da matasa ke kira rakani-kashi. Masu tambaya a wannan shafi ina na shige kusan wata biyu, ga amsar: babbar wayata na ajiye. Wannan ma da kwamfutar wurin aiki nake rubuta shi.

Sai na faɗi dalili, don shi ne dalilin tafiyar. Mahaifina ya rasu ya bar 'yan uwa biyu: yayarsa, Gwaggo, da ke aure a Gwandu, da ƙanensa, Baffa, manomin shinkafa a Kalgo. Wata bakwai da suka wuce aka yi sunan ɗana. Gwaggo ta zo, Baffa bai zo ba. Da na shiga gaishe ta na tarar tana ba mata dariya, tana kwaikwayon tafiyar Baffa da muryarsa, tana cewa tun yana yaro ko zazzaɓi ba ya ba mutum kyauta. Na ɗaga waya na ɗauke ta ba ta sani ba, na tura zauren danginmu na waya. Kafin mako bidiyon ya fita daga dangi ya shiga gari. Daga baya muka ji abin da ya hana Baffa zuwa: injin ban-ruwansa ne ya lalace, ya yi kwanaki a fadama yana kallon shinkafar rani tana ƙonewa. Tun daga nan bai ƙara ɗaukar kiran Gwaggo ba. Ita kuma in na kira ta, gaisuwa biyu sai ta ce tana da aiki.

Na daɗe ina ce wa kaina ai wasa ne. Sai ranar da 'yata ta zame a bakin kwata tana dawowa daga makarantar allo, na ga hannuna ya riga kai waya kafin ya kai gare ta. A ranar na zare layina, na ba matata wayar, na sayo wannan.

Motar ba ta cika ba sai da hantsi ya fara ɗagawa. Kuɗin mota ya kusa ninka wanda na sani bara, direba ya ce mu tambayi gidan mai. Mutum huɗu aka jera mu a baya, da kaji biyu ƙarƙashin ƙafar wani dattijo. Ƙanwata tun kafin mu bar tasha ta ɗauki hoton kajin. Ni kuwa hannuna sai shiga aljihu yake yana fitowa, ya taɓo 'yar wayar ya rasa abin yi da ita. Da na gaji na mai da ido taga.

Hanyar nan na bi ta ya fi sau ashirin, amma na rantse ban san haka take ba. Bayan Ambursa gero ya yi kai, dawa ta fi mutum tsawo, wake ya shimfiɗu a ƙarƙashinsu. Wajen Dalijan garken shanu ya tare mu, farare tas, sun yi ƙibar damina, ba su da niyyar sauri. Mata na tafe gefen titi da ƙwaryar nono, ba mai riƙe tata da hannu. Dattijon mai kaji ya lura ina kallo, ya shiga nuna mini gonar da aka yi wa taki da wadda aka bar wa Allah. Kafin mu isa na san sunan ƙauyensa da ciwon da ke damun ƙafarsa. Ya ce rabon da ɗan boko ya saurare shi a mota har ya manta. Titin yana da kyau a wasu wurare, a wasu kuwa ruwa ya cinye gefensa, sai direba ya yi ta rawa da mu.

Mun sauka Gwandu kafin azahar. Garin na nan yadda yake, natsattse, tsofaffin katangun ƙasa na jingine da sababbin na bulo. A bakin tasha muka sha fura da nono mai kauri, ga sauƙi in an gwada da ta Birni. 'Yan kabu-kabu biyu suka kai mu ƙofar gidan Gwaggo.

Mun same ta a inuwar rumfa tana tsinkar zogale. Ta rungume ƙanwata, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa, da ta saba kira Babana saboda sunan mahaifinta gare ni, sai ta ce mini, "Sannu da hanya," kamar baƙon maƙwabta. Na durƙusa nesa kaɗan. Can ta dube ni.

"Ina abin naka?"

Na ciro 'yar wayar na ajiye a kan tabarma. Ta ɗauka ta juya ta gaba da baya.

"Wagga tana ɗaukar mutum?"

"Ba ta ɗauka, Gwaggo. Kira kawai, sai tocila."

"To matso."

Na matsa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ban iya tsara shi yadda na tsara a mota ba, amma na faɗa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ta goyi Baffa a bayanta, ita ta yi masa wankan ƙyanda, abin da ta faɗa kuma ta sha faɗa masa a gaban idonsa yana dariya. "Amma cikin ɗaki na yi maganata, Babana. Kai ka kai ta kasuwa." Ta ce tun daga lokacin in ta shiga taro ta ga yaro da waya a hannu sai ta kama bakinta, har mata na tambaya ko ba ta da lafiya. Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Ina ta lissafin abin da na yi wa Baffa, ban san na hana tsohuwa hira ba.

Ta ce ta yafe, ta tura a kawo mana abinci. Tuwon dawa ne da miyar kuka da man shanu, sai kwaɗon zogalen da ta tsinka. Bayan la'asar hirar ta dawo mata kaɗan kaɗan. Ta ba mu labarin yadda mahaifinmu ya taɓa ɓata a kasuwa aka same shi yana barci cikin kwandon mai rake. Shekara talatin da biyar ina zuwa gidan nan, ban taɓa jin wannan ba. Ƙanwata ta kai hannu jaka za ta ciro waya, muka haɗa ido, ta mai da hannun cinyarta.

A nan muka kwana. Da safe na tambayi Gwaggo ko akwai saƙon da zan kai Kalgo. Ta shiga ɗaki ta fito da kwalbar man shanu da hoce a ƙunshe cikin leda, wainar dawar nan busasshiya da Baffa ke so. Ta ce, "Magana ta ishe mu. Kai mishi wanga."

Ba mu sami mota kai-tsaye ba, sai da muka dawo Birni muka sake wata. Daga nan zuwa Kalgo ba nisa, kafin mutum ya gyara zama an isa. Amma ƙasar daban take da ta Gwandu. Can tudu ne da gero da shanu, nan kuwa fadama ce shimfiɗe, ruwa ya kwanta, shinkafa kore shar har iyakar gani. A bakin titi mata na suyar kifi, ƙamshi ya cika tasha. Na taya wata tarwaɗa, mai kifin ta faɗi kuɗin da ya sa na gaishe ta da aiki na wuce. Wayar ƙanwata ta mutu a nan, don ba wuta a gidan Gwaggo. Tawa tun cajin Laraba ko gezau. Na dai ciro ta na duba lokaci sau biyu a gabanta.

Matar Baffa ta ce yana gona, ta wajen hanyar Diggi. Ƙanwata ta zauna wurinta, ni na hau kabu-kabu har inda taɓo ya hana, na tuɓe takalmi na ƙarasa da ƙafa. Na hango shi a kan kunya da malafa, yana jan igiyar da aka ɗaura wa gwangwanaye don korar tsuntsu. Ya rame. Na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Sai ya miƙo mini igiyar ya tafi duba wani gefe. Na fi awa ɗaya ina ja, rana na dukana, tsuntsayen kuma sun gane baƙo ne, suna tashi nan su sauka can.

Da ya dawo muka zauna ƙarƙashin wata giginya. Na fara magana, ya ɗaga hannu.

"Ka san inda na fara jin maganar? Ƙofar masallaci. Wani yaro, sa'an ɗana na uku, ya ce, Baffa a ba mu zazzaɓi mana. Jama'a suka yi dariya. Ni ban san mi ake ba. Ranar ko kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba, shinkafata na mutuwa."

Na ce Gwaggo ba ta san ina ɗauka ba, laifin nawa ne ni kaɗai. Ya ce ya sani, ya daɗe da sani. Abin da ya kasa shi ne jin muryarta, don da ya ji sai ƙofar masallacin ta dawo masa.

"Ita ta aiko ka?"

"A'a, Baffa. Ni na kai kaina, ni na kawo kaina."

Na ba shi ƙunshin. Ya buɗe kwalbar ya shinshina, ya gutsuri hocen ya daɗe yana tauna. Muka dawo gida tare, yana gaba ina biye. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi, wanda ya fi na bakin titi nesa ba kusa ba, ya tura mini kan kifin. Bayan mun wanke hannu ya ce, "Kira min ita."

Na danna lambar na miƙa masa. Na ji ya ce, "Yaya," sai ya tashi ya zagaya bayan rumbu. Ban bi shi ba. Muka zauna muna kallon kaji. An jima sosai ya dawo, ya miƙo mini wayar da zafinta, ya ce, "Katinka ya ƙare." Ya share fuska da gefen rawani, ya ce in an yanke shinkafa zai je Gwandu. Da zan yi sallama ya dafa kaina ya ce Allah ya yi albarka, in gaida mai jego, ko da yake jegon ya daɗe da wucewa.

Mun iso gida gab da magariba, ƙafafuna duk busasshen taɓo. Matata ta tambayi hotuna, na ce babu ko ɗaya. Ku ma da za ku tambaya, babu.

Ba zan ce babbar waya ce ta yi laifi ba, hannuna ne ya ɗaga ta. Wataƙila wata rana in koma mata, in na yarda da hannun. Abin da na gane a kwana biyun nan shi ne, abin da na aika cikin ƙiftawar ido sai da na shiga mota uku na taka taɓo kafin in fara gyara shi, kuma bai gyaru duka ba. Bidiyon na nan a wayoyin mutanen da ban sani ba, ba ni da ikon goge shi. Amma abin da Gwaggo da Baffa suka faɗa wa juna a bayan rumbu, ban ji ba, ba wanda ya ji, kuma ba inda za shi.