Talatar Da Ƙawata Ta Nace A Kai

Abubuwa da yawa na zamana a Malaysia sun fara gushe min, har sunayen wasu malamaina sai na yi da gaske nake tunowa. Amma rigimar da muka yi da ƙawata a kan ranar zuwa wurin lilo, a ƙarshen shekara ta biyu ta korona, wannan kam ko na tsufa na zubar da haƙora ba za ta fita daga raina ba.

Mu biyu muke zaune a wani gida a hawa na sha ɗaya a unguwar Titiwangsa, cikin Kuala Lumpur. Unguwarmu ɗaya a Kano, jirgi ɗaya ya kawo mu karatu, har Ummanta takan kira ni jefi-jefi mu gaisa ta tambaye ni lafiyar 'yarta. Tun shekararmu ta farko muka yi wa juna alƙawari cewa ba za mu rabu ba sai mun hau dutsen nan na bayan gari, inda aka gina katafaren wurin wasanni, mun shiga kowane lilo mun yi ihu son ranmu. Da farko karatu ya hana, daga baya korona ta zo aka kulle kowa a gida. Lokacin da aka buɗe wurin ga waɗanda suka yi allurar rigakafi, ni na riga na kammala, tikitina na komawa gida a tsakiyar Janairu yana hannu. Ita kuwa saura mata shekara guda. Idan ba mu je a wannan hutun ba, shi ke nan, alƙawarin ya tashi.

Makarantarmu tana kiran hutun Disamba hutun hunturu, abin da kullum yake ba ni dariya, don a Kuala Lumpur babu wani hunturu sai ruwan sama da gumi. Sanyin gaske sai a kan dutsen. Ni kuma mutum ce mai tsari, maƙiyana suna cewa mai iyayi. Na zauna na yi bincikena tsaf. Ƙarshen mako bai yi ba, cunkoso. Makon Kirsimeti da sabuwar shekara ko kyauta aka ba ni ba na so, musamman da cuta take yawo. Yaran makaranta sun kusa samun hutu, kuma da zarar sun samu, layin lilo ɗaya sai ya cinye wa mutum rabin yini. Saboda haka na tsayar da Talatar farko ta Disamba, mu fita da sassafe, mu gama kafin ruwan la'asar ya sauko. Na je na same ta a kicin ina jin kaina, na karanta mata.

Ba ta ko juyo ba. Ta ce, "Babe, mu bari sai January lah. Talata ta biyu."

Na ce, "January? Kwana uku kafin jirgina? Wa ya ce miki ana irin wannan gangancin?"

Ta ce ai farkon Disamba ruwa ya fi yawa, hazo zai rufe dutsen. A Janairu kuwa yara sun koma makaranta, 'yan hutun ƙarshen shekara sun watse, 'yan China ba su fara bikin sabuwar shekararsu ba, wurin zai zama namu mu kaɗai. Maganarta tana kan hanya, kuma wannan ne ya fara tayar min da hankali. Yarinyar da ba ta san ranar jarrabawarta ba sai na tuna mata, yaushe ta zama masaniyar kalandar 'yan China? Na ce to mu ɗauki Talatar farko ta Janairu, duk hujjojinta sun hau kanta. Ta ce a'a, ta biyu. Na ce me ya sa? Ta ce haka dai ta ji a jikinta.

Ni fa Allah ya yi ni da zargi, ba na ɓoyewa. Idan mutum ya ba ni dalili uku a kan abu ɗaya, nakan ɗauka akwai na huɗu da ya danne. Daga ranar na sa mata ido.

Bayan kwana biyu ta shirya ta ce za ta Jalan Tuanku Abdul Rahman ta duba min gyalen tsaraba. Ta dawo hannu rabbana, wai babu masu kyau. Titin da shagunan yadi suka yi jere tun daga farkonsa har ƙarshensa, a ce babu gyale ko ɗaya? Washegari ta ƙi fitowa daga ɗaki. Da na leƙa na same ta a ƙudundune cikin bargo, jikinta zafi rau, ta ce ciwon mara ne kawai. Na ce mu je a gwada ta, ta ƙi. Na sa takunkumin fuska biyu a cikin gidana, na ware kofina da cokalina, ina ajiye mata abinci a bakin ƙofa ina cika ina batsewa. A raina na gama yanke hukunci cewa korona ce ta kwaso take ɓoye min, kuma ta tura tafiyar gaba ne don ta warke a asirce.

Kwana biyu ta miƙe garau, sai wannan zargin ya faɗi, na ɗauko wani. Na lura idan wayarta ta yi ƙara takan kife ta. Idan Umma ta kira, sai ta fita baranda ta ja ƙofa, ta dawo ido jajir. Na ce to saurayi ne, kuma irin wanda ba a nunawa. Wata rana kuma in ce a'a, wasu ƙawayen ta samu, da su za ta je, ni tana ja min rai ne har jirgina ya tashi. Duk wanda na saƙa sai in ga ya zauna daidai. Muna cin abinci a faranti ɗaya, ina kallon ta ta gefen ido, ita kuma tana ta ba ni labarin lilon da za mu fara hawa. Abin yana ƙona min rai ƙwarai, don na ɗauka raina min hankali take yi.

Mako uku cif bayan fitar farko, ta sake cewa za ta duba gyale. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Tana fita na zari hijabina na bi ta har tashar jirgin ƙasa. Takunkumi ya yi min rana, don na shiga tarago na bayan nata ba ta gane ni ba. Jirgin ya wuce tashar da ake sauka a je titin 'yan yadi, ba ta motsa ba. Sai a Bukit Bintang ta sauka, ta kutsa wani lungu, ta tsaya ta waiga hagu da dama, sannan ta haye benen wani ƙaramin asibiti.

Na tsaya a tsallaken titi. Budurwa, asibitin lungu, ƙarya, zazzaɓi, kuka a baranda. Shaiɗan ya haɗa min su ya kawo min abin da har yau nake jin kunyar rubutawa. Ƙarfe uku na rana ne, a Kano takwas na safe. Ban hau benen ba, ban jira ta fito ba. Na ciro waya na kira Umma.

Bayan mun gaisa na ce, "Umma, ni dai na ga bai kamata in yi shiru ba. Tana zuwa asibiti a ɓoye, sau biyu ke nan, tana ce min kasuwa za ta. Yanzu haka tana ciki."

Umma ta ce, "To. Na gode, 'yata." Na koma gida ina ganin na yi abin kirki, har da dafa shinkafa.

Ana kiran magariba ta shigo. Ba ta cire takalmi ba ta zauna a ƙasa a tsakiyar falo, ta janye hannun rigarta, sai ga auduga manne a damtsenta.

Ta ce, "Ga abin da na je yi. Second dose, allurar korona ta biyu."

Na ce, "Wace irin second dose? Ba tun watan takwas kika yi ba? Da idona na ga filasta a hannunki."

Ta ce, "A kedai, shagon nan na ƙasa, na sayi filastar na manna."

Sannan ta warware min komai, muryarta ko rawa ba ta yi. Tun da aka fara maganar allurar, Umma ta ji ana cewa tana hana haihuwa. Ita kaɗai ce 'yarta mace, kuma sai da ta shekara tara da aure kafin ta same ta. Ta kira ta tana kuka ta ce idan ta bari aka yi mata, ba ta yafe ba. Shi ya sa watanni ba ta shiga mall, kullum sai ta ce mu yi tapau, wato mu sayo abinci a ƙunshe, mu ci a gida, ni kuma ina ce mata malalaciya. Da na kawo maganar dutse, ta san ba za a bar ta ta wuce ƙofa ba sai ta nuna shaidar allura a waya. Ta kwana biyu tana istihara, ta je ta yi ta farko. Tsakanin ta farko da ta biyu mako uku ne, sannan a jira mako biyu kafin shaidar ta fara aiki. Talata ta biyu ta Janairu ita ce Talatar farko da za a bar ta ta shiga. Niyyarta sai ta koma gida ta durƙusa a gaban Umma ta faɗa mata da bakinta, ido da ido. Amma Umma ta kira ta tana saukowa daga benen, ta ce ta rantse da Allah me ya kai ta asibiti. Ba ta iya rantsuwa a kan ƙarya ba.

Na ce, "Me ta ce?"

Ta ce, "Cewa ta yi na zaɓi allura a kanta. Ta kashe wayar."

Don ƙarfin hali irin nawa sai da na ce, "To ni me ya hana ki gaya min?"

A nan ne ta ɗago ta kalle ni. Ta ce, "Ke? Sau nawa kika zauna a kujerar nan kina cewa duk wanda ya ƙi allura jahili ne, baƙauye, a ɗaure shi? Uwata kike zagi, ina zuba miki shayi."

Ban taɓa jin na muzanta irin na ranar ba. Na so ta zage ni, ta ƙi. Kwanakin da suka biyo baya ta kira Umma ya fi a ƙirga, ba a ɗauka. Ni ma na kira, Umma ta amsa gaisuwata, ina fara magana ta ce in bar zancen. Na daina ambaton dutse gabaki ɗaya, don ina ganin ba ni da bakin tayar da shi. Ranar Talatar, bayan sallar asuba, sai ga ta a ƙofar ɗakina da rigar sanyi a hannu.

Ta ce, "Allurar na riga na yi, fushin Umma na riga na jawo. Tashi ki shirya, kada duk ya tafi a banza."

Kuma wallahi ranar da ta zaɓa ta fi tawa. Gari ya waye tas, babu ruwa, babu layi. A bakin ƙofa mai gadi ya ce mu nuna waya, ta miƙa tata, ya duba ya ce, "Boleh," wato an yarda, muka wuce. Mun hau duk abin da ake hawa, wani ma sau uku, don babu mai jiran mu sauka. Ta yi ihu, ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma duk lilon da muka sauka, kafin ta gyara mayafinta sai ta ciro waya ta duba. Ina gani, ina kawar da kai.

Da za mu sauko muka shiga 'yar akwatin gilashin nan mai tafiya a jikin igiya, mu biyu kawai, daji a ƙarƙashinmu. Na ce ta yafe min, kuka ya ƙwace min.

Ta ce, "Na yafe tuntuni. Amma da kin shigo ɗakina sau ɗaya kin tambaye ni a hankali, ba da faɗa ba, da na gaya miki. Kullum ina jira ki shigo."

Bayan kwana uku na hau jirgi. Na je gidan Umma har sau uku na ba da haƙuri, ta karɓe ni da mutunci, amma ba ta sauko ba sai cikin azumi. Duk watannin nan ƙawata ta yi su ita kaɗai a gidan da na bari, babu ni, babu muryar uwarta, ni kuwa ina Kano uwata tana tambayata me nake so a dafa min. Sun shirya daga baya, mu ma muna tare har yau, amma waɗannan watannin ba ni da yadda zan mayar mata da su.

Abin da na koya ban same shi da sauƙi ba, kuma ba ni ce na ɗanɗana kuɗarsa ba. Na tambayi kaina sau ɗari me take ɓoye min, ban taɓa tambayar me na yi da ya sa take jin tsoron gaya min ba. Yanzu idan na kusa da ni ya fara kawo min uzurin da bai gamsar da ni ba, nakan fara tuna abin da bakina ya taɓa faɗa a gabansa, sannan in je in same shi in tambaya. Tsakanin ɗakina da nata taku uku ne. Na bar taku ukun nan, na bi ta a jirgi har tsakiyar gari, na kira Kano.