Inna Tana Nan da Ranta

A ƙauyenmu da ke bayan Miga, da an idar da magariba ake hura wuta a gefen garke don hayaƙi ya kore wa shanu sauro. Nan muke kewaye Inna, kakata ta wajen uba. Ba ta da haƙuri da mai gyangyaɗi, kara take miƙawa ta zungure shi. "Hajara, buɗe kunnenki, ga ta nan tafe," haka take ce mini.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wata marainiya ce da tsohuwar saniya ta shayar har ta girma. Kullum da yamma saniyar takan tsaya a bakin kogi tana kiranta. Yarinya kuwa tana wajen kitso da ƙawaye, sai ta ce, "Ina zuwa!" Ran da ta ga dama ta je, kogi ya cika, saniya ta riga ta haye.

Sai mu ɗau ihu: "Da ta je tun farko!"

Inna ta taɓe baki. "Ji su! Yanzu kowa ya iya."

Yau ni malamar Turanci ce a wata sakandare a Dutse. Kwanan baya darasinmu ya kai kan yadda ake nuna nadama a Turanci, wato yadda mutum zai ce da ma ya yi kaza, ko ya kamata a ce ya yi. Na nemi misali, ɗalibai suka yi tsit. Haushi ya kama ni, na juya na rubuta abin da ya fara zuwa mini: da ma na je na ga kakata.

Wata yarinya a layin gaba ta ce a hankali, "Malama, Allah ya jiƙanta." Sauran 'yan aji suka amsa da amin.

Wallahi sai da alli ya faɗi daga hannuna. Inna tana nan da ranta! Ta sha aiko mini cewa tana son ganina, ni kuma amsata ɗaya ce: in an yi hutu. Ga shi na rubuta ta a allo kamar wadda aka binne. Kunya ta rufe ni, don Miga ba nisa gare ta ba.

Ranar Asabar na shiga mota. A hanya na tuna yadda muke zagin marainiyar nan, muna ganin mu ba za mu taɓa yin wautarta ba. Ashe ita ma ba ƙin zuwa ta yi ba, tana nufin zuwan.

Na tarar da Inna a kan tabarma, ta rame. Na durƙusa na gaishe ta. Ta riƙe hannuna, ta daɗe tana dubana.

"'Yar wa ce ke?"

"Inna, ni ce Hajara."

Ta yi murmushi, ta shafa kaina. "A'a, 'yar nan. Hajarata tana Dutse, aiki ya yi mata yawa. In an yi hutu za ta zo."