Keken da Na Kai Dogo-Dogo

Akwai abin da na yi da nake so a ce ban yi ba. Da mahaifinmu ya rasu aka raba gonarsa tsakanina da ƙanena Ilu, aka dasa layin gamba ya zama iyaka. Ilu gurgu ne tun yana goye, gonar kuma tana bayan tudun rairayi, bai taɓa zuwa ba, 'yan ƙwadago ke noma masa. Damina tara ina tone gambar nan ina matsar da ita taki ɗaya cikin rabonsa. Daga baya na koma Waca da zama, na yi shiru shekara ashirin.

Bara hawan jini ya kwantar da ni, na tashi babu ƙafafu. Ɗana da ke Kano ya aiko mini da keken guragu mai tayoyi masu kauri kamar na babur, da wata ƙaramar taya a can gaba. Mai sayarwa ya ce masa babu ƙasar da ba ya shiga. Na ce to, zai kai ni in gyara iyaka kafin shuka.

Talata, Waca

Bayan sallar asuba, ƙarfe biyar da rabi, muka fita ni da matata Laure. Daga ƙofar gida zuwa tasha ni na tuƙa kaina. A ƙasa mai tauri keken yana gudu fiye da yadda nake so. Ban san inda birki yake ba, na wuce tashar, teburin mai shayi ya tsayar da ni.

"Malam, da madara ko babu?" in ji shi, yana tsince kofuna.

Direba ya zagaya keken sau biyu. Ya ce ni dala ɗari uku, keke dala ɗari huɗu.
"Ya fi ni tsada?"
"Baba, kai kana lanƙwasuwa."
Aka ɗaure keken a saman mota. Wani mai rago ya ga kujera babu kowa, ya zaunar da ragonsa a ciki ya ɗaure da rawani. Ni aka cusa ni tsakanin buhun wake da Laure. Ƙarfe bakwai muka tashi.

Shingen jandarma

Wajen ƙarfe takwas da kwata aka tsayar da mu. Jandarma ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ragon, ragon ma yana kallonsa.
"Na wane ne wannan?"
Mai rago ya ce nasa ne, ni ma na ce nawa ne. Sai da aka bambance mana. Ya tambaye ni ko abin yana da takardu, tunda tayoyinsa na babur ne. Laure ta ce, "Ranka ya daɗe, injinsa ga shi nan zaune, shekararsa saba'in da ɗaya, ba ya tashi sai da koko." Ya ɗaga sandar yana dariya.

Dungas

Ƙarfe goma muka sauka. Muka ci ƙosai na dala ashirin, Laure ta wanke kujerar da ruwan buta, don ragon ya bar shaida. Babu motar Dogo-Dogo sai yamma, sai kabu-kabu. Masu babur uku suka yi shawara a kaina kamar ba na wurin. Suka yanke a ɗaura keken a bayan babur da igiya a ja ni. Na yarda, wannan ma kuskure ne. Mun yi kamar taki ɗari, babur ya bi dama, ni na bi hagu, na shiga cikin garken awaki. Muka jira motar yamma, muka kwana a Dogo-Dogo gidan wata ƙawar Laure, tuwon gero da miyar kuka.

Laraba, ƙauyenmu

Da hantsi muka kama hanyar ƙauye, kilomita uku, duk rairayi. A nan na gane maganar mai sayarwa gaskiya ce: keken yana shiga kowace ƙasa. Fitowa ce bai yi alkawari ba. Na tura har tafin hannuna ya yi bororo, tayoyi na juyawa, ina nan inda nake. Wani mai jaki ya tausaya, ya ɗaura keken a bayan jakinsa da igiya ya ja ni. Haka na shiga garin ubana, jaki a gaba, ni a tsakiya, Laure a baya da buta.

Ilu yana zaune a ƙofar zaure yana saƙar igiya. Ya dube ni daga sama har ƙasa.
"Yaya, sannu da zuwa unguwarmu ta guragu. Ka makara."

Bayan gaisuwa na ce ina da magana. Na faɗa duka, da gambar da damina tara.
Bai bar saƙarsa ba. "Ka tuna aduwar da aka ce tana cikin rabona? Matan da ke tsinto mini 'ya'yanta suka zo suka ce ta koma gonarka. Ni ban taɓa taka ƙasa ba, amma ina da bishiya mai tafiya."
"Ka sani, ka yi shiru?"
"Da wace ƙafa zan je in yi gardama?"

Na rasa inda zan sa idona. Shi kuwa keken yake kallo. Ya ce in sauka ya gani. Aka sauke ni a tabarma, ya kama hannun kujerar ya haye da kansa. Mutumin da ya yi shekara sittin da biyar yana tafiya da hannu, damatsansa kamar taɓarya. Ya tura sau ɗaya, keken ya keta rairayin da ya gagare ni. Ya nufi tudu bai waiwayo ba. Aka ɗora ni a amalanke muka bi sawunsa.

Mun same shi a gindin aduwa, ya dafa ta, yana kallon gonar. Ya ce ashe tana da girma haka.

Na ce a ba ni fartanya, ni na matsar da gambar, ni zan mayar. Aka sauke ni ƙasa. Rairayin azahar ya ƙona mini hannu, na janye. Ilu ya ciro silifas ɗin da yake sawa a hannunsa ya jefo mini.
"Sa su a hannu, Yaya. Ka jingina a kafaɗa, kada ka ja da ciki."
Haka ya koya mini rarrafe, taki tara, yana bisa keke yana gyara mini. Da muka dasa tushen farko ya ce ya yafe, amma geron shekara ashirin ba zai ce bai ji zafinsa ba.

Alhamis, komawa

Keken na bar masa. Laure ta ce me zan gaya wa ɗanmu, na ce zan gaya masa keken ya sami direba. Mun iso Waca ƙarfe biyar na yamma, kuɗin mota ya yi sauƙi. Na gode wa Allah, na gode wa Laure da mai jakin da ban tambayi sunansa ba.

Silifas ɗin Ilu suna nan, da su nake zuwa masallaci. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in kana da iyaka da wanda ba zai iya zuwa ya duba ba, ka bar gamba inda aka dasa ta.