Macen da Aka Tsallake a Wa'azi

Ni ban shiga lakwal ba, makarantar boko ko ƙofarta ban taka ba. Amma Linjilar da ake karantawa a majami'armu da kunne na haddace ta. Na san labarin da ke bin wani kamar yadda na san ƙauyukan da ke tsakanin garinmu da kasuwar Illela. In ka tsallake guda, zan ji.

Shekarar da aka kawo mana sabon fasto, yaro ne ɗan birni, sa'an ɗana na uku, mai ladabi ba laifi. Da aka gama girbi ya ce yana so ya bi Linjila guda tun daga farko har ƙarshe, Lahadi bayan Lahadi, har Ista. Ya tara dattawan ikilisiya don a tsara jerin labaran. Ni ma aka kira ni don ni ce uwar zumuntar mata. Maza biyar kowa da littafin rubutu da bik, ni da yatsuna goma.

Sakataren ikilisiya ƙanen marigayi mijina ne. Shi ke karanta jerin, ina bi ina ƙidaya. Mai baftisma a jeji. Masunta. Gurgun da aka zuro ta rufin ɗaki. Guguwa a kan ruwa. Mahaukacin makabarta. Ɗiyar babban mutum da aka tayar bayan ta cika. Sai na ji ya faɗa kan ciyar da taron jama'a.

Na ce, "Dakata. Ranar ɗiyar nan, ina matar da ta taɓa rigar Almasihu a hanya? Ai kafin a kai gidan babban mutumin ita aka fara warkarwa."

Ya ce, "Matar yaya, kin fara ke nan. Bari a gama, rana na yi."

"Rana ta daɗe ba ta yi ba. Na ce ina take?"

Babu wanda ya dube ni. Babban dattijo ya gyara murya ya ce, "Inna, maganar jinin mata ce. Ga yara, ga surukai zaune wuri guda. Ga taga tana kallon hanyar rijiya, maƙwabta na wucewa. Mi za su ce muna karantawa?"

Fasto ya sassauta murya. "Inna, ba yar da ita muka yi ba. Ranar Alhamis, taron mata, ke da kanki sai ki ba su. Wa ya fi ki iya ba da labari?"

Ka ji yaro, zai shafa min zuma a baki ya rufe ni a ɗaki!

Dukansu, in ban da fasto, sun san abin da ya sa na nace kan matar nan. Bayan haihuwata ta shida jini ya ɓalle min, shekara bakwai bai tsaya ba. Uwar mijina ta ware min ƙwarya da tabarma. Tsummana a bayan rumbu nake shanya su, kada a gani. Biki ba na zuwa, suna ba na zuwa, don in na tashi sai na waiwaya na dubi inda na zauna. Awakina suka ƙare wurin masu saiwa da hayaƙi. Maza kuwa ko sau ɗaya ba a faɗi sunan ciwon a gabansu ba, sai dai a ce "ba ta jin daɗi". Wannan rashin faɗin shi ya ci min shekara bakwai. Sai da na kasa tashi aka aza ni a amalanken jaki zuwa asibitin mishan na wajen Malbaza. A can wata tsohuwa mai share ɗakin majinyata ta zauna bakin gadona ta ba ni labarin matar nan. Ranar na fara jin cewa akwai littafin Allah da ya san irina.

Na dubi sakatare na ce, "Kai ka kora jakin ran nan. Kai ka wanke amalanken a tafki. Yau kai ne mai jin kunya?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bik. Aka ce mai son a tsallake ta ya ɗaga hannu. Hannu biyar suka tashi, har da nasa.

Na yi ta zuwa sujada ina jira, mako bakwai. Ran da aka kai wurin, fasto ya karanta yadda babban mutum ya durƙusa yana roƙo saboda ɗiyarsa, Almasihu ya tashi ya bi shi, taro na matsa shi. Sai ya ɗan yi tari, ya juya ido ƙasa, ga su har sun isa gidan ana koke-koke.

Na miƙe. Gwiwata ta yi ƙara, kowa ya waiwayo.

Na ce, "Malam Fasto, ka bar mace a hanya."

Dattijo ya ce, "Inna, zauna!"

Na ce, "Na zauna shekara bakwai, ya isa."

Na ba da labarin matar tsaye, da muryar da nake kiran awaki daga fadama. Yadda ta kutsa cikin maza alhali an hana ta taɓa kowa. Yadda ta miƙa hannu ta baya kamar ɓarauniya, jinin ya tsaya nan take. Na ce su lura da kyau: da Almasihu ya so, da ya bar ta ta sulale gida, babu wanda ya sani. Bai bari ba. Ya tsayar da taro duka, da babban mutumin da ɗiyarsa ke kan gargara, sai da ta faɗi ciwonta da bakinta a gaban maza. Na ce, "Shi bai kai ta taron Alhamis ba. Ku su wa?"

Wasu samari suka yi dariya a baya, iyayensu mata suka harare su. Wata Bafulatana mai tallar nono ta tsaya a taga da ƙwaryarta a ka har na gama. Na zauna. Fasto ya ƙarasa wa'azinsa da ƙyar.

Kafin mako ya zagayo dattawa suka aiko a karɓi makullin ɗakin tukwanen zumunta. Wai na ta da hankali a cikin sujada. Matar sakatare aka ba muƙamin uwar mata. Na miƙa makullin ta kan danga, ban ko ce wa ɗan aiken ya shigo ba.

Bayan kwana biyu fasto ya zo da kansa da la'asar, ya cire takalmi ya tsuguna. Ya ce, "Inna, gaskiyarki ce. Na sake karantawa, na ji kunyar kaina. Amma ni baƙo ne, dattawa su suka kira ni. Ki yafe min, ya tsaya tsakaninmu."

Na ba shi ruwa ya sha, don baƙo baƙo ne. Sannan na ce, "Ɗana, ba a tsakar gidana ka tsallake ta ba. Ka hau inda ka tsaya ran nan, ka buɗe littafinka, ka karanta ta da bakinka dattawa na ji. Ranar zan yafe."

Ya ce zai duba. An yi Ista, an yi damina, an sake girbi. Har yau yana dubawa.