Inda Tsinken Abba Ya Tsaya

Abin da na fara lura da shi a Bauchi shi ne lungunan Ƙofar Dumi ba sa cin mota. A littattafan Ilu Direba kuwa, ta nan Ilu ya tsere da motar gwamna, akwatunan ƙuri'a a baya, 'yan daba na bin sa. Na tsaya ina auna lungun da ido. Ko Keke Napep sai ta goge bango.

Mun baro Misau bayan sallar asuba, ni da gwaggona da za ta sari atamfa. Ta yi barci tun kafin Darazo. Ni kuwa na rungume jakata, ina kallon duwatsu suna ƙaruwa. A cikin jakar akwai littafi na biyar, na ƙarshe. Abbanmu ne yake karanta mini su bayan la'asar, yana sauya murya idan mugun ministan cikin labarin ya yi magana. Ya rasu bara muna tsakiyar na biyar. Tsinken tsintsiyar da ya sa alama yana nan inda ya bar shi. Na kasa wuce shi. 'Yan ajinmu labaran soyayya suke karantawa a waya, ba wadda ta san Ilu.

A Kasuwar Muda Lawal muka ci masa da miyar taushe, mai laushi har ba ta son cokali. Gwaggo ta shige layin 'yan atamfa, ni na tsaya gaban wani mai littattafai wanda rabin teburinsa ya koma cajar waya. Na tambaye shi labarin wanda ya rubuta littattafan Ilu. Ya ce marubucin yana raye, ya kwatanta mini gidan.

"Saboda tatsuniya za ki ja ni rana?" in ji Gwaggo da na faɗa mata. Amma ta tare mana Keke.

Na zaci zan ga ƙato mai baƙin tabarau. Wani tsoho muka tarar a zaure shi kaɗai, kan buzu, an ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Rediyo na gefensa, a kashe. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa littafin. Ya daɗe yana shafa bangon.

"Ashe akwai sauran mai riƙe da wannan? Jikokina ma ba su san ni na rubuta ba."

Na ce masa lungun Ƙofar Dumi ba ya cin mota. Ya yi dariya har da tari.

"Ja'ira! Shekara da shekaru ba wanda ya kama ni sai ke."

Sai na yi tambayar da na taho da ita, ko Ilu ya tsira.

"Ai yana ciki, 'yata. Ba ki ƙarasa ba?"

Na girgiza kai. Ya buɗe, ya ga tsinken, ya dube ni. A nan na gane ba ƙarshen labarin ya kawo ni Bauchi ba. Ƙarshen yana jakata tun bara.

Gwaggo ta leƙo ta ce motar Misau ba ta jiran kowa. Ban tashi ba.

Na ce, "Baba, don Allah ka karanta mini. Daga inda tsinken yake."